Amyar Modu

Bolori, Maiduguri.

Zuwa ga ɗana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wushe, sannu da hanya. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka zaune lafiya cikin mota, an wuce shingayen bincike ba a sauke ka ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka har ka isa gidan kawunka Mustafa a ƙasar Bauchi. Da hannuna na cusa ta a aljihun jakarka, na kuma ce maka kada ka buɗe sai kun wuce Damaturu, don ban so ka karanta ka ce wa direba ya tsaya. Ka san halina, idan na buɗe baki zan yi nasiha faɗa ne ke fitowa, shi ya sa na zaɓi biro. Da Hausa na rubuta, tun da Kanurin namu a baki kawai muka iya shi.

Ba labarin gida zan ba ka ba, da safen nan ka bar shi. Abu ɗaya ne ya zaunar da ni. Malam Aji mai itace ya tare ni a ƙofar masallaci, ya ce ka dame shi da tambaya a kan gonarmu ta bayan gari, wadda ke can gaba da ramin da sojoji suka haƙa suka kewaye Maiduguri. Wai ko tsamiyoyin nan suna tsaye, ko ana hango amyoyin zuma a kansu. Ya ce ka gaya masa idan ka zauna da gindinka a Bauchi, da kaka za ka dawo ka bi masu itace ka kwaso amyoyin kakanka ka fara sana'a da su. Bukar, ni za ka ɓoye wa? Kada ka je. Duk abin da zan rubuta a ƙasa, don ka ji wannan kalma ɗaya ce. Sauran kuwa kurakuraina ne na kiwo, ka ɗauka ka yi amfani da su, don ban da su ba ni da gadon da zan bar maka.

Bari in fara da kaji, tun da kawunka ya ce ya ware maka bayan gida ka yi akurki.

Kana ƙarami lokacin da mutanen ƙauye suka fara kwararowa cikin gari, suna gudun mutanen daji. Za ka ga mace da tabarma a ka, yaro a baya, kaji biyu a hannu an ɗaure ƙafafunsu da tsumma. Ba su da wurin kwana balle wurin kiwo, don haka duk abin da ka miƙa musu karɓa suke yi. Ni kuwa a lokacin shagona na Hausari ya mutu, ina neman abin kamawa. Sai na ga kamar kasuwa ce ta buɗe mini. Na riƙa tsayawa a bakin titi ina saye, ina kawowa gida ina zubawa cikin kajin mahaifiyarka, waɗanda ta tara tun zuwanta gidan nan. Ta ce mini, "Malam, ka ɗaure su a zaure su kwana biyu mu ga lafiyarsu." Na ce mata ita dai ta ji da tukunyarta.

Ba a jima ba ciwo ya shiga. Kaza ta tsaya ta saki fikafikai, ta yi koren kashi, wuyanta ya murɗe tana kallon sama, sai ta faɗi. Mun jiƙa musu barkono, mun jiƙa ɓawon maɗaci, babu abin da ya yi. Ni da yayanka Modu muka riƙa cika buhu muna kaiwa bola. Mahaifiyarka ta share akurkin ta zuba toka, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo. Saboda haka duk kazar da ka saya, ko daga hannun limami ta fito, ka ɗaure ta nesa da naka har sai ka ga kashinta da cin abincinta. Kuma idan ka ga mutum yana sayar da abinsa yana waiwaye, ka ba shi kuɗinsa cikakke ko ka bar masa kayansa. Ni ban ga albarkar ko ɗaya daga cikin waɗancan kaji ba.

Da na ga kajin gida sun ƙare, maimakon in natsu, sai na ce ai kajin turawa zan yi, masu girma da wuri. Na je wurin Madam Ngozi mai sayar da 'yan tsaki da abincinsu a kasuwa. Matar nan ta dube ni ta ce, "Baban Modu, da wannan zafin? Ka bari ruwa ya sauka mana." Na ce mata ni a garin nan aka haife ni, ba ita za ta gaya mini zafin Maiduguri ba. Na kwaso su a kwali, na zuba a ɗakin kwano, ana tsakiyar bazara. Wuta babu, an daɗe da yanke ta. Ga shi an rufe hanya, motar abincinsu ba ta shigowa, sannan aka sa dokar hana fita. Kajin turawa kuwa ba su san tono ba, ba su san fita neman ƙwaro ba, sai dai su buɗe baki suna haki suna kallonka. Na riƙa yayyafa ruwa a kan kwano ina yi musu fifita da murfin kwali kamar mai jinyar uwarsa. Ranar da aka ɗage dokar, waɗanda suka rage ba su cika kwando ba.

Ka fara da kajin gida, Bukar. Kaza huɗu ko biyar da zakara sun ishe ka. Su ne ke ci daga ƙasa, su yi kwanci, su ƙyanƙyashe da kansu, ranar da babu dusa su fita su nemi abinsu. Kada ka kiwata abin da cinsa ke zuwa a mota daga wani gari, don mu mun ga yadda hanya ke rufuwa da safe ɗaya. Madam Ngozi ma ta daɗe da kulle shagonta ta koma garinsu, ban samu na ce mata ta yi gaskiya ba.

Yanzu zuma. Ka san ba ni na fara ta ba, a hannun kakanka na tashi na gani. Shi ne ya rataya amyoyi a kan tsamiyoyin gonar nan, ya koya mini saƙa su da ciyawa, da shafe su da kashin shanu, da turara cikinsu da kakin zuma don ƙudan zuma su ji ƙamshi su shiga. Ya kuma bar mana al'ada guda da ba mu taɓa karyawa ba: zumar farko da sabuwar amya ta bayar ba a sayar da ita, ba a ajiye ta a gida. Rabawa ake yi a ƙofar masallaci, sadaka ga waɗanda suka riga mu. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Da daji ya fara gagara, na samu na sauko da amyoyi kaɗan daga bishiyoyin da ke kusa, na toshe bakinsu da tsumma, na ɗoro su a amalanke na kawo su Bolori. Na ɗora su a kan dogon yaron tsakar gidanmu, ina murna wai na yi dabara. Tsakar gidan da ko shanya ba ta isa ba, ga akurki a gindin bishiyar, ga 'yan gudun hijira cike da gidan maƙwabta har zaure. Ka tuna abin da ya biyo baya, don kai ma ka sha harbi a leɓe, ka kwana biyu ba ka iya shan kunu ba, muna yi maka dariya. Da zafi ya tsananta, ƙudan suka rasa ruwa, suka koma kan kaskon kaji da randar mahaifiyarka. Wata rana da azahar akuyar maƙwabta ta shigo ta goga jikinta a sandar da na tokare amya da ita. Kafin a ce me, sun fito sun rufe gidan. Sabbin kajin da mahaifiyarka ta sake tarawa da ƙyar suka kashe rabinsu a cikin akurki, don ba su da wurin gudu. Wata tsohuwa 'yar gudun hijira a gidan maƙwabcinmu Ba Kyari sai da aka kai ta asibiti a keke. Na bi gida gida ina ba da haƙuri da hula a hannu.

Kuma duk wannan wahala a kan me? Bishiyoyin gefen gari an sare su an yi girki, babu aduwa, babu magarya, babu farar ƙaya. Furen dogon yaro kawai suke samu. Da na ɗebi zumar na sa a baki, sai na ji ɗaci a maƙogwaro. Na ba mai shayin bakin layi, ya ɗanɗana ya mayar mini da kwalbata. Daga ƙarshe wata safiya ƙudan suka taru suka yi curi a reshe, suka tashi gaba ɗaya suka yi gabas, can inda mu ba mu isa mu bi su ba. Na tsaya a tsakar gida da buta a hannu ina kallonsu har suka ɓace.

Don haka ka raba amya da akurki, ka raba ta da gidan mutane, ka kai ta inda sai ka yi tafiya kafin ka isa. Ka duba abin da ke fure a wurin kafin ka rataya. Ka ajiye musu kasko da ruwa a inuwa, ka zuba tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka kada su nutse. Idan ka zo ɗiba kada ka kwashe duka, ka bar musu saƙar da ke da 'ya'ya da abin da za su ci. Wanda ya ƙone amya don ya huta da harbi, shekara mai zuwa itace zai hau ya tarar da wofi.

Na zo wurin da nake ta kewayewa. Kana makarantar kwana lokacin, abin da aka gaya maka shi ne Modu ya bi masu itace bai dawo ba. Gaskiya ne, amma ba duka ba ne.

Bayan ƙudan sun gudu, na zama mutum marar daɗin zama. Kullum idan aka ajiye tuwo sai na fara. In ce amyoyin babana suna can cike har suna tsiyaya a jikin tsamiya, mu muna nan muna shan kunu babu sukari. In ce da ƙafata ba ta ciwo da tuni na je. In ce a zamaninmu saurayi ba ya zama a gida yana kallon ubansa yana cin bashin gero. Ban taɓa cewa Modu tashi ka je ba, wallahi ban taɓa ba. Amma a gabansa nake faɗa, yana sunkuye yana cin tuwo, kuma na san yana ji. Wata rana ya ɗago ya ce, "Baba, idan an samu ko bokiti ɗaya ne zai yi wani abu?" Na ce masa bokiti ɗaya zai kai mu damina. Na ci gaba da cin abincina.

Da safe ya ɗauki bokitin mahaifiyarka mai murfi, da wuƙata, da ashana, da rabin buhu na busasshen kashin shanu. Ya ce mata zai je Bulabulin wurin abokinsa. Ni ina zaure, na ga buhun a kafaɗarsa, na san ba a kai wa aboki kashin shanu. Ya ce, "Baba, sai na dawo." Na ce Allah Ya kiyaye.

Ka san zuma da duhu ake ɗibarta, lokacin da ƙudan suka lafa. Amma wa zai kai magariba a bayan rami? Dole da rana tsaka zai hau, lokacin da suka fi zafin rai. Modu kuwa tun yana yaro jikinsa ba ya ɗaukar harbi, ɗaya ya same shi sai ido ya rufe. Saboda haka ni da bakina na koya masa, na maimaita masa ya fi a ƙirga: ka yawaita hayaƙi, kada ka yi rowar kashin shanu, ka bari ya turnuƙe kafin ka sa hannu. Yaron nan bai taɓa saɓa maganata ba.

Da la'asar Malam Aji ya shigo zaure babu amalankensa, babu takalmi. Ya ce sun rabu da Modu a bakin gona, su suka tsaya sara, shi ya wuce wurin tsamiyoyi. Can suka ga hayaƙi ya miƙe sama, fari, mai kauri, irin wanda ake hangowa daga ko'ina a filin nan da bishiyoyi suka yi ƙaranci. Ya ce har sun ce wa juna yaron nan zai ja mana. Ba su rufe baki ba suka ji ƙarar babura daga gabas. Kowa ya zubar da gatarinsa ya nufi rami. Babu wanda ya waiwaya, kuma ban ga laifinsu ba. Daga ranar zuwa yau babu wanda ya ce mana ya ga Modu, a raye ko a mace.

Na je duk inda ake zuwa. Na tsaya a ƙofar bariki, na duba a asibiti, na bi sansanonin 'yan gudun hijira duk lokacin da aka ce an kuɓutar da wasu. Na gaji, Bukar. Zuciyata ta daɗe da gaya mini abin da ya faru, kuma ba na jin akwai ranar da nauyin nan zai sauka daga kaina kafin a sa ni a rami. Abin da zan ce maka a nan shi ne ka kiyayi bakinka a gaban wanda yake ƙaunarka. Idan Allah Ya ba ka 'ya'ya kuma talauci ya matse ka, ka fita waje ka yi ƙorafinka ga bango. Yaro mai biyayya ba ya jiran a aike shi, kukan ubansa kawai yake ji ya tashi.

Yanzu ka gane dalilin da ya sa na ɗauki biro da Malam Aji ya gaya mini tambayoyinka. Na san ba kwaɗayi ne ke jan ka ba. Kana ganin idan ka dawo da amyoyin kakanka zan yi dariya kamar da, wataƙila kuma kana son ka ga wurin da idonka ko za ka tsinci wani abu nasa. Babu abin da ke can. Amyoyin nan ciyawa ce da kashin shanu, rana da gara sun daɗe da cinye su. Ko da suna nan cike da zuma har ƙasa, na yafe su, na bar wa daji. Idan wani ya ce maka hanya ta yi kyau, ka ce masa babanka ya hana. Idan ni da kaina na kira ka a waya wata rana, tsufa ya sa na fara sambatun tsamiyoyi, ka kashe wayar. 'Ya'ya biyu maza Allah Ya ba ni, ɗaya na riga na ba wa gonar nan.

Mahaifiyarka kuwa ba ta fid da rai kamar ni ba. Ka san jan zakaran nan da ba a taɓawa ko da Sallah. Tun a makon da Modu ya tafi ta ware kakan zakaran ta ce shi za ta yanka ranar da ya dawo. Wancan ya tsufa ya mutu, ta ware ɗansa, yanzu jikan ne ke cara a gidan. Da liman ya zo ya ce ya kamata a yi wa yaron addu'a a raba sadaka, ta shiga ɗaki ta kulle, ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mamaci. Tun daga nan ban sake tayar da maganar ba. Zakaran nan ne ke tashinta da safe, kuma ba ni da ƙarfin halin da zan karɓe mata shi.

Amyar da na ɗaure maka a saman kayanka, wadda kake ta mita wai za ta sa direba ya ƙara maka kuɗi, ba cikin nawa ba ce. Modu ne ya saƙa ta a bazararsa ta ƙarshe a gidan nan. Ya shafe ta, ya turara ta, ya ce sai gari ya yi lafiya zai rataya ta da kansa. Tana rataye a ɗakinsa tun lokacin, ƙudan zuma bai taɓa shigarta ba. Da na sauko da ita mahaifiyarka ta tare ƙofa ta ce, "Malam, idan ya dawo ya tambaya fa?" Na ce mata Bukar zai rataya masa ita a Bauchi, ya dawo ya tarar da zumarsa ta nuna. Ta yi murmushi ta matsa mini. Allah Ya yafe mini wannan magana.

Ga abin da nake roƙonka. Ka sake shafe ta, don ta bushe. Ka nemi bishiya mai kyau kusa da ruwa, nesa da hanya, ka rataya ta kafin itatuwa su yi fure. Ka yi haƙuri da ita ko za ta shekara ba su shiga ba. Ranar da ka zo ɗiba ka je da magariba, hayaƙi kaɗan ya isa, can babu mai hango ka. Zumar farko kuwa ka san hukuncinta. Ka kai ta ƙofar masallacin garin kawunka ranar Juma'a, ka raba wa duk wanda ya miƙo hannu, ka ce sadaka ce ga Modu ɗan Malam Gana na Bolori, a yi masa addu'ar da ake yi wa waɗanda suka rasu. Ka faɗi sunansa da ƙarfi. A nan ba zan iya yi masa ba, kuma shekarun nan duka yaron nan bai samu ko Fatiha ɗaya a bainar jama'a ba.

Kada ka aiko mana ko cokali ɗaya daga ciki. Idan mahaifiyarka ta tambaye ka a waya, ka ce mata ba ta nuna ba tukuna.

Ka gaishe da kawunka da iyalinsa, ka yi masa biyayya, ka riƙe sallarka. Allah Ya sauke ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na daji da na mutum, Ya sa wa kajinka da ƙudanka albarkar da nawa ba su samu ba. Allah Ya zaunar da kai inda za ka kwana ba ka kasa kunne ba, Ya sa kai ne za ka binne ni. Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
wanda har yau unguwa ke kira Baban Modu.